Tsara Karatun Malamai Cikin Na'urar Aljihu: Darasi Ga Masu Neman Ilmi

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore wa ɗan Adam ji da gani da hankali. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wani ɗan ƙaramin abu ne wanda ya ke cikin aljihun Musulmi da yawa a yau, watau na'urar sauraren murya, ko dai wayar hannu ce, ko 'yar rediyon nan mai cin katin memori, ko kuwa 'yar MP3 da a ke ratayawa a wuya. Abin da a ke so a bayyana shi ne yadda ɗalibi zai jera karatun da ke cikinta bisa tsari, domin sauraro ya zama neman ilmi na sosai.

Ga yadda al'amarin ya kan faru. Mutum ya tafi shagon masu turi a kasuwa, ya miƙa katinsa, ya ce a cika masa da karatu. Sai a zuba masa tilawar alarammomi biyar ko shida, da tafsirin shekaru daban daban, da wa'azin da ba a san wanda ya yi shi ba, da guntayen fatawa na minti biyu biyu, duka a wuri guda. Ya koma gida yana murna ya sami dukiya. Kullum yana saurare, a shago, a mota, a gona. Amma in shekara ta zagayo aka tambaye shi wane littafi ya sauke, sai ya rasa ta cewa. Ya ji farkon tafsirin Baƙara ya fi sau goma, bai taɓa jin ƙarshenta ba. Ya ji hukuncin sujadar ba'adi tun bai san farillan salla ba. Wannan shi ne abin da Hausawa ke kira taron tsintsiya ba shara.

DAGA KASET ZUWA KATI

Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a shekarar 1963, sa'an nan kamfanin Sony ya fito da Walkman, 'yar rakodar da a ke yawo da ita, a 1979. A cikin shekarun 1970 da 1980 kaset ya zama babbar hanyar yaɗa karatun malamai a ƙasar Hausa. Ta wannan hanya, tare da gidajen rediyo, tafsirin Sheikh Abubakar Mahmud Gumi na masallacin Sultan Bello a Kaduna, da karatun Sheikh Nasiru Kabara a Kano, suka isa ƙauyuka da cikin gidaje inda matan aure su ke. Sheikh Gumi ya rasu a 1992, Sheikh Nasiru Kabara a 1996, Sheikh Ja'afar Mahmud Adam kuma a 2007, amma har yanzu a na jin muryoyinsu da na waɗansu malamai irinsu, Allah Ya ji ƙansu baki ɗaya.

Kaset yana da wata fa'ida wadda ba a lura da ita ba sai da ya wuce. Guda ɗaya ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti 60 ko 90 a bisa galibi, saboda haka mai sayarwa ya kan rubuta sunan malami da sunan littafi da lambar kaset a jikinsa. Mai saurare kuma tilas ya fara daga fuska ta farko, ya juya zuwa ta biyu, sa'an nan ya ɗauko na gaba. Ƙarancin abin shi ya tilasta tsari.

Yau kuwa lamari ya sake. Karatun sa'a guda, in an naɗe shi da matsakaicin ingancin da ya ishi muryar mai magana, ba ya cin abin da ya wuce megabait 30. Ke nan kati mai gigabait 32, wanda bai kai girman farcen yatsa ba, yana iya ɗaukar karatun fiye da sa'a 1,000. Wanda ya ke sauraren sa'a guda kowace rana, sai ya yi kusan shekara uku kafin ya ƙure shi. Wannan ni'ima ce babba, amma yalwar ta tafi da tsarin da ƙaranci ya kawo. Tun da na'ura ba ta san Ahalari ya riga Risala ba, ya zama wajibi ɗalibi ya mayar da tsarin da hannunsa.

TSARI GADON MALAMAI NE

Jera karatu daki daki al'ada ce ta musulunci tun asali. Alƙur'ani mai girma bai sauka a dare ɗaya ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba. An saukar da shi kaɗan kaɗan cikin kimanin shekara 23. Ya zo cikin Sahihul Buhari cewa Abdullahi ɗan Mas'udu, Allah Ya yarda da shi, ya kan yi wa mutane wa'azi ranar Alhamis kaɗai, da aka roƙe shi ya riƙa yi kullum sai ya ƙi, don gudun kada su ƙosa, ya kuma nuna cewa ya koyi haka ne daga Manzon Allah.

Shehin malami Ibnu Haldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, ya yi dogon bayani kan wannan cikin Muƙaddimarsa. A ganinsa, ya kamata a bi da ɗalibi cikin fanni sau uku: da farko a taƙaice, sa'an nan da ƙarin sharhi, daga baya a warware masa masu wuya. Ya kuma yi gargaɗi kada a haɗa wa mai koyo fanni biyu a lokaci guda, domin hankalinsa zai rabu, ya tashi bai sami ko ɗaya ba.

Malaman zaure na ƙasar Hausa a kan wannan tafarki su ke. A fannin fiƙihu ɗalibi ya kan fara da Ƙawa'idi, ya wuce Ahalari, sa'an nan Ishmawi, da Iziyya, da Risala ta Ibnu Abi Zaidi mutumin Ƙairawan, da Askari, kafin ya kusanci Muhtasar na Shehu Halilu. Ba a taɓa jin malamin kirki ya buɗe wa yaro Muhtasar ranar da ya zo ba. To, abin da a ke nema ga mai na'ura shi ne ya gina wa kansa irin wannan matakala cikin katinsa.

AIKI NA FARKO: TANTANCEWA DA RARRABAWA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kamata ɗalibi ya ware yini guda, ya zauna da kwamfuta ko da wayarsa, ya bi abin da ke cikin katin ɗaya bayan ɗaya. Duk karatun da bai san sunan malamin da ya yi shi ba, ya ware shi gefe har sai ya tabbatar. An ruwaito gargaɗi daga Muhammadu ɗan Sirina, babban tabi'i, cikin gabatarwar Sahihu Muslim, cewa ilmin nan addini ne, don haka mutum ya duba a hannun wa ya ke karɓarsa. Guntun fatawa da aka yanke ba kai ba gindi haɗari ne, domin watakila malamin yana kawo maganar ne don ya rushe ta, ko kuwa ya gindaya sharaɗi a farko wanda mai yankan ya zubar. Haka nan a kan liƙa sunan wani malami a kan muryar wani. Irin wannan ba ya shiga cikin kayan karatu.

Sa'an nan sai ya buɗe folda ga kowane fanni: Alƙur'ani, Tafsiri, Tauhidi, Hadisi, Fiƙihu, Sira, Larabci, da Wa'azi. A cikin kowace folda ya buɗe wata mai ɗauke da sunan malami da sunan littafi. Kada ya cuɗa karatun malami biyu na littafi ɗaya cikin folda guda, ko da kuwa dukansu amintattu ne, domin kowanne yana da inda ya ke tsayawa da yadda ya ke ɗora darasi a kan na baya.

AIKI NA BIYU: SA LAMBA

Nan ne mutane da yawa su ke tuntuɓe. Na'urori da dama ba sa ƙidaya kamar mutum, harafi su ke bi. In an sa wa darussa lamba 1, 2, 3 har zuwa 12, sai na'ura ta karanta 1, ta tsallaka 10, 11, 12, sa'an nan ta dawo 2. Maganin wannan shi ne a sa sifiri a gaba. Littafin Arba'una na Imam Nawawi yana da hadisi 42, sai a sa masa lamba daga 01 zuwa 42. Alƙur'ani kuwa sura 114 ne, saboda haka yana bukatar gurbi uku: Fatiha 001, Baƙara 002, har zuwa Nasi 114. Bayan lamba sai a rubuta sunan babi, kamar alwala ko taimama, don a gane shi da ido.

Tafsirin watan Ramadan yana da nasa hukunci. Malami ya kan ɗora ne daga inda ya tsaya bara, wani ya kan yi shekaru da yawa kafin ya sauke. Don haka a fara rubuta shekara, sa'an nan rana, sa'an nan sura da ayar da aka fara. Wanda ya yi haka, in yana neman bayanin wata aya, ba zai kwana yana lalube ba.

Akwai kuma wani abin lura game da ƙananan rediyoyin nan masu araha. Waɗansunsu ba sa duban suna ko lamba, suna bin yadda aka zuba karatun cikin katin ne, wanda ya riga shiga shi zai riga fita. In an ga haka, sai a kwashe kome, a sake zubawa bi da bi daga na farko.

AIKI NA UKU: JERIN SAURARE

Folda kamar kantar littattafai ce, jerin saurare kuwa kamar jadawalin makaranta ne. Shi jerin, suna kawai ya ke ɗauke da shi da kwatancen inda kowane karatu ya ke ajiye. Saboda haka sura ɗaya tana iya shiga jeri uku ba tare da ta ƙara cin wuri ba, kuma cire ta daga jeri ba ya goge ta daga kati. Amma in aka sake wa karatu suna ko aka canja masa folda bayan an haɗa jeri, to, jerin zai neme shi ya rasa. Wannan ya sa a ke gama aiki na farko da na biyu kafin a zo na uku.

Misali mafi sauƙi shi ne na yara. A makarantar allo yaro ya kan fara da Fatiha, sa'an nan Nasi, da Falaƙi, yana hawa sama har ya kai Sabbi, ya cika izu ɗaya, ya ci gaba zuwa Amma, ya cika izu biyu. Folda tana tafiya daga 001 zuwa 114, shi kuwa yaro daga ƙarshe ya ke tahowa. Sai uba ko uwa su haɗa masa jeri: 001, 114, 113, 112, har zuwa 087. Surori 29 ke nan bisa tsarin allonsa, folda kuwa tana nan yadda ta ke.

Baligi kuwa jeri huɗu sun ishe shi.

Na ɗaya, jerin tilawa. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni takwas, jimla 480. Wanda ya sami tilawar da aka yanka izu izu, in ya saurari ɗaya da asuba, ɗaya da maraice, ya sauke cikin kwana 30. Wanda ya ke hadda kuma sai ya sa sumunin da ya ke kai shi kaɗai, ya danna maɓallin maimaitawa, yana bin alaramma da mushafi a hannunsa.

Na biyu, jerin darasi. Wannan littafi ɗaya ne tak, na malami ɗaya, daga darasi na farko zuwa na ƙarshe. Ba a shigar da wani sai an sauke shi. Kuma kada a zuba littafin gaba ɗaya. A sa darussan mako guda, biyar ko shida, in sun ƙare a sa na gaba, domin abin da ido ya ga ƙarshensa zuciya ta fi ƙarfin halin bin sa.

Na uku, jerin bita. Duk darasin da ya yi wuya, kamar na ƙabli da ba'adi ko na rabon gado, sai a jefa shi nan. Tun da a al'adar makarantun allo Alhamis da Juma'a ranakun hutu ne, ɗalibi yana iya mai da su ranakun komawa kan wannan jeri.

Na huɗu, jerin hanya. Nan ne wurin wa'azi da sira da tarihin sahabbai, watau abin da mutum zai iya amfana da shi ko da hannunsa yana aiki. Tela a kan keke ko mace a madafi suna iya bin wannan, amma darasin fiƙihu yana son zama da littafi da alƙalami.

ABUBUWA UKU DA A KE GUJEWA

Na farko shi ne maɓallin nan mai cakuɗa jeri, wanda ke sa na'ura ta riƙa tsinto abu ta inda ta ga dama. An yi shi ne don masu jin waƙa. Ga mai karatu kuwa ɓarna ne, domin zai kai shi babin aikin hajji yau, gobe ya komo da shi babin tsarki. A kashe shi.

Na biyu shi ne cuɗa ruwayoyi. Ruwayar Warsh daga Nafi'u ita ce gadon makarantun allo na ƙasar Hausa da mafi yawan Afirka ta Yamma da ta Arewa, alhali mafi yawan tilawar da a ke turawa ta Hafs ce daga Asim. Dukansu ingantattu ne, amma sun saɓa a wurare da dama. Tun cikin Fatiha akwai kalmar da Hafs ke jan wasalinta na farko, Warsh ba ya ja. Ƙidayar ayoyi ma ta saɓa: mushafin Hafs yana bin ƙidayar mutanen Kufa, aya 6,236, na Warsh kuwa ya kan bi ƙidayar Madina, aya 6,214. Saboda haka tilawar da aka yanka aya aya ba za ta dace da lambobin ɗaya mushafin ba. Yaron da ya ke wanke allo da Warsh, in aka sa masa Hafs a gida, an dagula masa hadda. Ba kuwa a rasa abin da a ke nema ba: Sheikh Mahmud Halil Alhusari na Masar, wanda ya naɗi Alƙur'ani cikakke da ruwayar Hafs a 1961, ya naɗe shi kuma da ta Warsh a 1964. A rubuta sunan ruwaya a jikin kowace folda.

Na uku shi ne haɗa Alƙur'ani da waƙe-waƙe ko sautin wasanni cikin jeri ɗaya, har alaramma ya idar da sura kiɗa ya biyo baya. Wannan rashin ladabi ne ga maganar Allah. In da hali, a ware wa karatu katinsa daban.

LADUBBAN SAURARE

Aya ta 204 cikin Suratul A'arafi ta umurci muminai da su kasa kunne su yi shiru in a na karanta Alƙur'ani, domin a yi musu rahama. Don haka wanda zai shiga ciniki ko hira, ya tsayar da tilawa, ya kuma bari mai karatu ya kai ƙarshen aya kafin ya tsayar. Kada ya shiga makewayi da ita tana tashi. Mai amfani da waya yana iya rufe hanyar kira a lokacin tilawarsa, don kada ƙararrawa ta yanke aya a tsaka. Ƙara wa na'ura sauri kuma, ko da ya yiwu a wa'azi, bai dace da tilawa ba, domin yana cinye madda da gunna, ya koya wa kunne karatun da ba daidai ba.

Haka nan ji amana ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada mai sa abin saurare a kunne ya wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin muryar na'ura. Mai tuƙa babur ko mai tsallaka titi kuwa kada ya toshe kunnuwansa, ko da da karatu ne, domin tsare rai wajibi ne.

Kati kuma ya kan lalace ko ya ɓata. Wanda ya sha wahalar tsara nasa, ya ajiye kwafinsa a wani wuri. In ya kwafa wa maƙwabcinsa ko matan gidansa yadda ya tsara shi, da sunayen malamai cikakku, a na fata ya shiga cikin masu yaɗa ilmi mai amfani.

NA'URA BA TA MAYE GURBIN MALAMI

Duk kyaun tsari, akwai abin da na'ura ba ta iyawa. Ba ta jin karatun ɗalibi balle ta gyara masa harafi. Ba ta ganin alwalarsa. Ba ta san halin da ya ke ciki ba balle ta ce masa wannan fatawa ba tasa ba ce. Alƙur'ani daga baki zuwa baki aka karɓo shi, haka kuma za a ci gaba da karɓarsa. Saboda haka ya kamata ɗalibi ya riƙe ɗan littafin rubutu tare da na'urarsa. Duk inda ya ji abin da ya shige masa duhu, ya rubuta lambar darasi da mintin da maganar ta zo, ya tafi da ita wurin malamin unguwarsu. Mafi kyau ma shi ne ya nemi shawarar malamin tun wajen zaɓen littafin da zai sa a jerin darasi, ya zama abin da ya ke ji a kunne shi ne abin da ya ke biyawa a zaure.

A'ishatu, Allah Ya yarda da ita, ta ruwaito cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Wanda ya riƙe darasi ɗaya na rabin sa'a kowace rana, bisa jeri, zai sauke ƙaramin littafi kamar Ahalari cikin ɗan lokaci, ya san abin da ya sani da abin da ya rage masa. Wanda kuwa ya ke yawo da karatun shekara uku a aljihu yana tsintar nan da can, ranar da aka yi masa tambaya kan sallarsa ce zai gane inda ya tsaya. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya ba da ilmi mai amfani da ikon aiki da shi, Ya ji ƙan malaman da suka rigaya, Ya ƙara wa waɗanda ke raye lafiya da ikhlasi. Amin.